DILIP KUMAR DA RAJ KAPOOR: TSAKANIN KWARJINI DA FARIN JINI

Akwai wata tsohuwar gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin masu sha'awar finafinan Indiya, watau gardamar wane ne gwani tsakanin Dilip Kumar da Raj Kapoor. Mutanen biyu duk sun bar duniya. Raj Kapoor ya rasu ran 2 ga watan Yuni na 1988 yana da shekara 63, shi kuwa Dilip Kumar Allah ya ja kwanansa har zuwa ran 7 ga watan Yuli na 2021, ya rasu yana da shekara 98. Amma gardamar tana nan da ranta a Indiya da Pakistan da sauran ƙasashen da finafinansu suka kai, kuma duk wanda ya taɓa zama cikin dattawan da suka yi zamani da silima ya san ba a rabuwa a kanta cikin sauƙi.

Mutanen Arewacin ƙasar nan suna da bakin magana a wannan gardama. Tun wajen shekarun 1950 da 1960 Kwarori masu gidajen silima, watau 'yan kasuwar Labanon, suka fara shigo da finafinan Indiya, jama'a kuwa suka karɓe su hannu bibbiyu, har suka zama abincin yau da kullum a gidaje irin su Palace da Plaza da Orion da Marhaba a Kano. A wancan zamani babu fassara da Hausa irin wadda ake yi yanzu, kuma akasarin 'yan kallo ba sa jin harshen Hindi. Saboda haka ɗan kallo na Kano ko Zariya ko Jos ba shi da abin auna ɗan wasa sai fuskarsa da amon muryarsa da yadda yake motsa jikinsa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, wannan kuwa shi ne ma'aunin da ya fi dacewa da mutanen nan biyu.

Harshen Hausa yana da kalmomi biyu da za su taimaka wajen raba gardamar, watau farin jini da kwarjini. Mai farin jini shi ne wanda mutane ke so da zarar sun gan shi, suna sakin jiki da shi, suna yafe masa laifi tun bai roƙa ba. Mai kwarjini kuwa shi ne wanda in ya shigo wuri ake rage murya, ana jin nauyinsa ko bai ce uffan ba. Raj Kapoor farin jini ne jarinsa, Dilip Kumar kuwa kwarjini. Ra'ayin da ke cikin wannan sharhi shi ne, in dai maganar fitowa a gaban kyamara ake yi, Dilip Kumar ne a gaba, domin abin da ya dogara a kansa ya fi jure wa tsufa da sauyin zamani. Amma wajibi ne a bi hujjojin daki-daki, don kada a tauye wa Raj Kapoor haƙƙinsa, wanda ba kaɗan ba ne.

Kafin a shiga ciki, ya kamata a kawar da wasu ma'aunai biyu da ake yawan kawowa. Na farko shi ne ƙidayar lambobin yabo. Gaskiya ne Dilip Kumar ya ci lambar Filmfare ta gwanin 'yan wasa har sau 8, kuma shi ne ya fara cin ta a 1954, alhali Raj Kapoor sau 2 ya ci. To amma Raj Kapoor ya ci ta gwanin daraktoci sau 4, kuma dukansu gwamnatin Indiya ta ba su lambar Dadasaheb Phalke, wadda babu ta sama da ita a harkar fim a ƙasar. Ƙidaya ba za ta kai mutum ko'ina ba. Na biyu shi ne addini. Wasu sukan fifita Dilip Kumar don kawai sun ji cewa Musulmi ne, sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan. Wannan son zuciya ne, kuma bai dace da mutanen da bambancin addini bai hana su abota ba tun suna samari har mutuwa ta raba su.

'YAN UNGUWA ƊAYA

A birnin Peshawar aka haife su duka biyu, wanda a yanzu yake cikin Pakistan, kusa da tsohuwar kasuwar nan ta Qissa Khwani, watau kasuwar masu ba da labari. An haifi Dilip Kumar ran 11 ga watan Disamba na 1922, Raj Kapoor kuwa ran 14 ga watan Disamba na 1924. Iyayensu sun san juna, kuma gidajen biyu duk sun yi ƙaura zuwa Bombai, wadda ake kira Mumbai a yanzu, inda samarin suka sake haɗuwa a Kwalejin Khalsa.

Sai dai tarbiyyar gidajen ta sha bamban. Mahaifin Raj, watau Prithviraj Kapoor, shahararren ɗan wasa ne a fim da kuma a dandamali, saboda haka yaron ya buɗe ido ya tarar da sana'ar a gida, ya kuma fara ta daga ƙasa yana ɗan aike a wuraren ɗaukar fim. A 1948, tun bai cika shekara 24 ba, ya kafa kamfaninsa na R. K. Films, ya shirya fim ɗin Aag, shi ne darakta kuma shi ne jarumi. Mahaifin Dilip kuwa ɗan kasuwa ne mai fataucin 'ya'yan itatuwa, wanda ba ya ganin mutuncin sana'ar fim. Dilip ya yi aiki a kantin sojoji a garin Poona kafin Devika Rani, shugabar kamfanin Bombay Talkies, ta ɗauke shi aiki ta kuma raɗa masa sabon suna. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa tsoron mahaifinsa na cikin abin da ya sa ya yarda da sunan. Fim ɗinsa na farko, Jwar Bhata na 1944, bai ja hankalin kowa ba. Ke nan ɗaya ya tashi ne a gidan da ake koyon neman idon jama'a, ɗayan kuma ya shiga sana'ar yana ɓoye kansa. Wannan bambanci bai taɓa barin wasansu ba.

Fim ɗaya tak suka taɓa fitowa tare, shi ne Andaz na Mehboob Khan, a 1949, tare da Nargis. Labarin wata 'yar attajiri ce wadda wani saurayi, Dilip, ya cece ta daga dokin da ya ƙwace mata, ta riƙe shi aboki, shi kuwa ya kamu da son ta, bai san tana da wanda ta yi wa alkawari a ƙasar waje ba, watau Raj. Bayan aure kishi ya shiga, zargi ya biyo baya, har matar ta harbe saurayin aka ɗaure ta. Wanda ya kalli wannan fim ya ga gardamar gaba ɗaya a dunƙule. Raj yana cika ɗaki da surutu da raha da kai-komo, in fushi ya zo kuma ya zazzage shi a fili. Dilip yana zaune gaban fiyano, abin da ke cin sa yana ciki, idonsa ne kurum ke tona shi. Ɗan kallo yakan yi dariya da Raj, amma idonsa yakan koma kan Dilip don ya san me yake ɓoyewa.

FARIN JININ RAJ KAPOOR

Siffar da duniya ta san Raj Kapoor da ita ita ce ta ɗan talaka mai yawon titi, da ɗangalallen wando da tsohuwar hula da tafiyar ban dariya. Bai ɓoye cewa daga Charlie Chaplin ya aro ta ba, mutumin da sunansa ya shiga bakin Hausawa har suke kiran mai ban dariya a fim cali. Amma ya zuba mata abin da Chaplin ba shi da shi, watau waƙa da soyayya irin ta Indiya da kuma tambayoyin ƙasar da ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba.

A fim ɗin Awaara na 1951, wani alƙali ne ya yi imani da cewa ɗan ɓarawo ɓarawo ne, ɗan mutumin kirki kuma mutumin kirki ne. Wani da ya taɓa ɗaurewa a kan wannan aƙida ya sace matarsa don ramuwa, da ta dawo sai alƙalin ya kore ta da ciki saboda zargi. Yaron da ta haifa ya tashi a unguwar matalauta, mutumin nan ya koya masa sata, a ƙarshe ya tsaya gaban shari'a ana tuhumarsa da yunƙurin kashe alƙalin, wanda shi ne ubansa. Prithviraj Kapoor ne ya fito a alƙalin. Al'ummar da ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ba ta bukatar tafinta kafin ta gane inda fim ɗin ya dosa, domin tambayarsa ita ce, jini ne ke gina hali ko kuwa yunwa da unguwa?

A Shree 420 na 1955 kuwa, wani matashi ne mai digiri ya taho Bombai a ƙasa daga Allahabad, yana ɗauke da lambar yabo da aka ba shi saboda gaskiya da riƙon amana. Abin da ya fara yi a birnin shi ne jinginar da lambar. Daga aikin wanki da guga ya faɗa hannun 'yan caca da attajirai mazambata, har aka yi amfani da sunansa aka karɓi kuɗin talakawa da alkawarin gina musu gidaje. Lambar 420 ta samo asali ne daga sashen da ya yi magana a kan zamba a tsohon kundin dokokin laifuka na Indiya, kamar dai yadda 419 ta zama sunan mazambaci a Nijeriya. Ɗalibin da ya gama karatu yana yawon neman aiki, da ma'aikacin da aka taɓa miƙa wa ambulan a ofis, za su ga kansu a wannan labari ko da shekara 70 sun wuce a kansa.

Wannan siffa ta ƙetare iyakoki ta hanyar da babu wani ɗan wasan Indiya na zamaninsa da ya yi. An nuna Awaara a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1953. Da aka kai shi Tarayyar Sobiyet a 1954 miliyoyin mutane suka kalle shi, aka kuma yi wa Raj da Nargis gagarumar tarba a Mosko. Ya shiga ƙasar Sin a 1955, a Turkiyya kuwa har sake shirya shi aka yi da harshensu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Raj Kapoor yana fuskantar ɗan kallo kai tsaye, yana murmushi ido na ƙwalla, yana nuna masa aljihun da ba kome a ciki. Duk inda akwai talaka za a gane wannan.

KWARJININ DILIP KUMAR

Lokacin da Dilip Kumar ya shigo, wasan fim a Indiya bai rabu da al'adar dandamali ba, inda ɗan wasa ke ɗaga murya yana wurgi da hannuwa don na kujerar baya ya ji ya gani. Dilip ya lura cewa kyamara tana kusa, ba ta bukatar a yi mata ihu. Sai ya sassauta murya, ya rage motsi, ya riƙa yin shiru a tsakiyar magana kamar mai neman kalmar da za ta rage zafin abin da zai faɗa. Abin da Bahaushe ke kira kawaici, watau mutum ya ji ciwo ya danne, shi ne ya mayar sana'a.

A Devdas na Bimal Roy, 1955, ya fito a ɗan masu hali wanda ya kasa tsayawa ya auri yarinyar da yake so saboda bambancin daraja tsakanin gidajensu, ya koma shan giya har ya mutu a ƙofar gidan mijinta. A Mughal-e-Azam na K. Asif, 1960, ya fito a Yarima Salim wanda ya yi wa mahaifinsa Sarki Akbar tawaye saboda wata baiwa mai rawa, Anarkali. A nan ma Prithviraj Kapoor ne uban, da muryarsa mai kama da tsawa. Ɗan wasa mai ƙaramin tunani da ya yi ƙoƙarin fin sa ƙara. Dilip sai ya ƙara sassautawa, kuma wannan sanyin ne ya sa aka yarda cewa ɗan sarki ne mai iya ja da sarki. Wurin da aka fi tunawa a fim ɗin shi ne inda yake shafa fuskar Madhubala da gashin tsuntsu, babu wanda ya furta kalma ko ɗaya a cikinsu.

Irin wannan wasa yana da tsada ga mai yin sa. Bayan jerin finafinan baƙin ciki da suka sa aka yi masa laƙabi da sarkin ban tausayi, damuwa ta kama shi har ya je ganin likitan ƙwaƙwalwa a Ingila, aka ba shi shawara ya riƙa karɓar wasanni masu sauƙi. Daga nan aka sami Azaad a 1955 da Kohinoor a 1960, daga baya kuma Ram Aur Shyam a 1967, inda ya fito a tagwaye, ɗaya matsoraci ɗaya shaƙiyyi. Waɗannan sun nuna cewa mai kwarjini yana iya ba da dariya in ya ga dama. Har ila yau bai yarda ya watsa kansa ba. Daga 1944 zuwa 1998 finafinan da ya yi kimanin 60 ne kacal, kuma saboda waƙa guda a Kohinoor sai da ya zauna ya koyi kaɗa sitar, kayan kiɗan nan nasu mai tsirkiya da yawa, don kada yatsunsa su yi ƙarya a gaban kyamara.

HUJJOJIN ƊAYA ƁANGAREN

Magoya bayan Raj Kapoor suna da hujjoji uku masu nauyi, kuma ba daidai ba ne a yi musu riƙon sakainar kashi.

Ta farko ita ce, jarumin Raj yana magana ne da yawun talaka, na Dilip kuwa ɗan gata ne da ke kashe kansa saboda mace. Har sukan ce Devdas ya ƙawata raggonci da shaye-shaye a idon samari. Akwai gaskiya a wannan zargi, domin wasan ya yi kyaun da mai ƙaramin hankali zai iya ɗaukar halakar a matsayin abin sha'awa. Amma zargin ya manta da Naya Daur na 1957, inda Dilip ya fito a mai keken doki wanda ɗan mai kuɗi ya kawo bas don ya kashe musu sana'a, aka yi tsere tsakanin doki da mota, mutanen ƙauye suka yi gayya suka gina hanya da hannunsu. Ya kuma manta da Ganga Jumna na 1961, wanda Dilip ya rubuta labarinsa ya kuma zuba kuɗinsa, inda zaluncin mai gonaki ya mai da baƙauye ɗan fashi, ƙanensa da ya sha wahala ya ilimantar ya zama ɗan sanda, aiki ya tilasta masa harbin wansa. Nasir Khan, ƙanensa na jini, shi ne ya fito a ƙanen. Talakan Raj Kapoor yana neman a tausaya masa. Talakan Dilip Kumar a Ganga Jumna haƙƙinsa yake nema, kuma wannan ya fi kusa da mutuncin talaka.

Hujja ta biyu ita ce Raj ya ci duniya, Dilip kuwa sai wanda ya san daɗin Urdu da Hindi ne zai ji zaƙin furucinsa. Ba a musun cewa Raj ya fi nisan zango. Amma Dilip bai nemi wannan zangon ba. Fim ɗinsa Aan na 1952 an nuna shi a Landan da Faransa, kuma lokacin da David Lean ya nemi ya fito a Lawrence of Arabia na 1962 ƙi ya yi, wasan ya faɗa hannun Omar Sharif na Masar. Daɗin daɗawa, saurin yaɗuwa alama ce ta sauƙin fahimta, ba lalle ne ta zama alamar zurfi ba.

Hujja ta uku ita ce Raj ba ɗan wasa kaɗai ba ne, darakta ne kuma mai kamfani, ya gina wurin shirya fim nasa na kansa a unguwar Chembur ta Bombai. Wannan gaskiya ce tsantsa, kuma in gardamar ta wane ne ya fi yi wa harkar fim hidima ta fuskoki da yawa ce, to Raj Kapoor ya yi gaba. Sai dai wannan hujja tana da baki biyu. Kaso mai yawa na farin jininsa aikin gayya ne. K. A. Abbas ne ya rubuta labarin Awaara da Shree 420, Shankar da Jaikishan suka yi kiɗa, Shailendra da Hasrat Jaipuri suka tsara baitoci, Mukesh ya ba da murya, Nargis kuma ta tsaya a gefensa a finafinai 16. In aka tambayi mai son Raj Kapoor abin da ya fi tunawa, galibi waƙa zai ambata. In aka tambayi mai son Dilip Kumar, wani kallo zai ambata, ko wani shiru.

INDA HANYA TA RABU

Tsufa shi ne alƙalin da ya yanke wannan shari'a. Siffar yaro marar wayo da duniya ta zalunta tana da kyau a jikin ɗan shekara 26, amma tana nauyi a jikin mai shekara 45. A 1970 Raj Kapoor ya fitar da Mera Naam Joker, wanda ya kwashe shekaru yana shiryawa ya kuma zuba dukiyarsa a ciki, tsawonsa ya haura awa 4. Labarin cali ne mai sa jama'a dariya zuciyarsa na kuka, mata uku sun shiga rayuwarsa duk sun tafi sun bar shi. 'Yan kallo suka juya masa baya, kamfanin ya kusa durƙushewa, ko da yake daga baya fim ɗin ya sami masu yabonsa. Abin da ya faru shi ne roƙon tausayin ya yi yawa, kuma ya fito fili cewa mai fim ɗin kansa yake tausaya wa. Daga nan Raj ya ja da baya daga fitowa a jarumi. Bobby na 1973, wanda ɗansa Rishi ya ja, shi ya farfaɗo da kamfanin. Finafinansa na ƙarshe irin su Satyam Shivam Sundaram na 1978 da Ram Teri Ganga Maili na 1985 sun kawo kuɗi, amma sun jawo masa suka mai tsanani saboda yadda ya riƙa nuna jikin mata.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa Raj Kapoor yana da wani gwanin ɗan wasa a cikinsa wanda bai cika bari ya fito ba. A Jagte Raho na 1956 ya fito a baƙauyen da ƙishirwa ta kai shi wani dogon bene a birni, aka ɗauke shi ɓarawo, yana ɓuya daga ɗaki zuwa ɗaki yana ganin ta'asar masu mutuncin da ke farautarsa, kusan bai yi magana ba sai can wajen ƙarshe. Fim ɗin ya ci babbar lambar bikin Karlovy Vary a 1957. Haka kuma a Teesri Kasam na 1966 ya fito a mai keken shanu cikin natsuwa da kunya. Abin lura shi ne duka biyun wasu ne suka ba da umarni, ba shi ba, kuma a duka biyun ya yi fice ne lokacin da ya bi hanyar kamewa, wadda ita ce hanyar abokinsa.

Dilip Kumar kuwa tsufa ƙara masa ya yi. Bayan ya huta na wasu shekaru ya dawo da Kranti a 1981, sa'an nan Shakti a 1982, inda ya fito a babban ɗan sanda wanda ya fifita aikinsa a kan ɗansa. Amitabh Bachchan ne ɗan, a lokacin da babu tauraron da ya kai shi haske a Indiya, amma dattijon ne ya tafi da lambar gwanin 'yan wasa ta wannan fim yana da shekara 60. Shi kansa Amitabh ya sha faɗi cewa Dilip Kumar ne abin koyinsa, kuma mai lura zai ga jinin Ganga Jumna a jikin fusataccen saurayin da ya yi suna da shi a shekarun 1970. Hular Raj da tafiyarsa ba su sami magaji ba, domin duk wanda ya gwada su kwaikwayon Raj kurum za a ce yana yi. Hanyar Dilip kuwa ta zama makaranta.

ABIN DA YA RAGE GA NA BAYA

Wannan gardama ba ta tsofaffi kaɗai ba ce. Tun daga Turmin Danya na 1990 aka shiga zamanin finafinan Hausa na bidiyo, kuma ba a ɓoye yake ba cewa sun yi aro mai yawa daga Indiya, musamman rawa da waƙa da labarin samari biyu a kan budurwa ɗaya, irin wanda Raj Kapoor ya yi a Sangam na 1964. Aro ba laifi ba ne, shi ma Raj aro ya yi daga Chaplin. Abin tambaya shi ne me aka aro, me aka bari. An ɗauko waƙar Raj Kapoor, amma sau da yawa an bar tambayar da ke ƙarƙashinta game da alƙali da attajiri da mai digirin da ba shi da aiki. Daga Dilip Kumar kuwa abin da ya fi cancanta a ɗauka shi ne wanda ya fi wuya, watau rage yawan fitowa, da zama a nazarci mutumin da za a kwaikwaya, da yarda cewa shiru ma magana ce. Abin mamaki ne a ce al'ummar da ta ɗauki kunya da kara da kawaici a matsayin ginshiƙan mutunci ta je Indiya ta ɗebo hayaniya ta baro kamewa.

Saboda haka yana da kyau sassan koyar da wasan kwaikwayo na jami'o'i, da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, su riƙa sa ɗalibai su zauna su kalli waɗannan finafinai da idon nazari, gidajen talabijin na jihohi kuma su nemi ingantattun kwafi su nuna su da fassara mai kyau. Mai karatun da ke son ya yanke wa kansa hukunci ya fara da Andaz, ya bi da Shree 420 da Jagte Raho, sa'an nan Devdas da Ganga Jumna. Mai yiwuwa ne ya tashi yana ƙaunar Raj Kapoor fiye da da, wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, aikin farin jini ke nan. Amma in ya bar kwana bakwai suka wuce, sa'an nan ya tambayi kansa fuskar wa ta ƙi barin zuciyarsa, akwai kyakkyawan zato cewa ta ɗan mai sayar da 'ya'yan itatuwan nan ce na Peshawar.